Kafson Hawthorn: ya sauƙaƙa mini bugun zuciya, amma mai sayarwa ya cuce ni

Abin da ya sa na saye shi bugun zuciya ne da ke damuna da dare, ina kwance sai in ji tana dukan uku-uku ba gaira ba dalili. Likita ya riga ya duba ni ya ce babu wata babbar matsala, sai hawan jinin da na daɗe ina shan maganinsa. Abin da ke cikin kafson ganye ne da furen wata bishiya mai ƙaya, dangin tuffa da wardi, wadda Turawa, musamman Jamusawa, suka daɗe suna sha don zuciya.

Ba ya aiki nan take, sai da aka yi makonni. Amma tsakani da Allah na ji canji, bugun ya lafa, barcina ya daidaita, har na fara yi wa mutane tallarsa kyauta.

Sai wata safiya na miƙe daga gado, duniya ta juya mini. Jiri ya kwashe ni, idona ya yi duhu, da ƙyar na dafa bango na zauna. Da na auna jinina sai na ga ya sauka yadda ban saba gani ba. Na kira yayata, ma'aikaciyar jinya ce, tambayarta ta farko ita ce, "Me kika ƙara a kan maganinki?" Na ce Yaya, ganye ne fa kawai. Ta ce ganyen nan yana buɗe jijiyoyin jini, idan ya haɗu da maganin hawan jini yana iya ƙara masa ƙarfi, kuma masu shan digoxin, wani maganin zuciya na asibiti, ma ana ja musu kunne a kansa.

Nan ne raina ya ɓaci. Kafin in biya kuɗi sai da na tambayi mai sayarwar ƙarara, na gaya masa sunan maganin da nake sha, ya ce ai tsiro ne, ba ya faɗa da komai. Jikin kwalbar kuma cike yake da yabo, "ƙarfin zuciya", "na asali", amma ko layi ɗaya na gargaɗi babu. Da tsoho ne mai zama shi kaɗai ya faɗi fa?

Ba na cewa tsiron banza ne. Nazarin 2008 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitoci tana tantancewa, ya nuna yana rage haki da gajiya ga masu raunin zuciya idan an ɗora shi a kan maganin asibiti. Sai dai babban gwajin SPICE na shekarar, da aka yi da mutum 2,681, bai tabbatar da cewa yana rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba. To yaya za a riƙa sayar da shi kamar zai sauya wa mutum zuciya?

Likitana ya ce in dakata tukuna, na dakata, kuma ina kewar barcin nan. Na rubuta wa mai sayarwar duk abin da ya faru, na roƙe shi ya riƙa gargaɗin masu hawan jini. Amsar da ya turo mini tallar ragi ce ga wanda ya sayi kwalba biyu.