Katin zaɓe da na'urar BVAS: yadda hidimar INEC take ga mai zaɓe a Kebbi

Abu ɗaya rumfar zaɓe ta sani a 2023, shi ne katin zaɓe na dindindin. Takardar NIN, fasfo, lasin tuƙi, har da ƙaramar takardar da ake ba mutum ranar rajista, babu wanda ya isa ya sa a miƙa maka ƙuri'a. Shaidar mai unguwa ko hakimi ma ba ta aiki a nan, ko da duk layin sun san ka tun kana goye. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce mai zaɓe ya je da katinsa gaban shugaban rumfa, a tantance shi da na'ura. Katin na roba ya fara aiki ne a zaɓen 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, ɗan jihar nan, tare da na'urar karanta kati, wadda BVAS, na'urar tantance mai zaɓe ta yatsa da fuska, ta maye gurbinta daga baya.

Rajista kyauta ce, kuma sharuɗɗanta ba su da yawa: ɗan Najeriya, shekara 18, mai zama ko aiki a yankin, ko ɗan asalinsa. Ana iya fara cike bayanai ta intanet, amma dole mutum ya je da kansa a ɗauki hoton fuska da zanen yatsu. A ƙananan hukumomin kan iyaka irin su Dandi, Bagudo da Arewa, kada mutum ya yi mamaki in an ɗan tsananta tambaya kan asali. Tafiya da takardar haihuwa ko ta NIN na rage gardama. Aikin kansa ba ya cin lokaci idan layi ya kawo kanka. Layin ne matsalar, domin Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, ofishin hukumar zaɓe ta INEC kuma yana hedikwatar ƙaramar hukuma. Mutumin da ke ƙauyen bakin kogi a Ngaski ko Shanga, kyautar tana zuwa masa da kuɗin jirgin ruwa da na babur.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne sake rajista. Kati ya ɓace, ko an bar Zuru an dawo Birnin Kebbi, sai a je a yi sabuwa kamar ba a taɓa yi ba. Kwamfutar hukumar tana gwada yatsu da fuska da na kowa a kundi, in ta ga mutum sau biyu sai ta soke sabuwar. A rajistar da aka rufe ranar 31 ga Yuli 2022, sama da miliyan 2.7 aka zubar a faɗin ƙasa saboda irin wannan da makamantansa. Mai ɓataccen kati ko wanda ya lalace, neman sake buga kati zai yi. Wanda ya yi ƙaura, canjin rumfa zai nema. Duka biyun dokar 2022 ta sa a yi su aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. A nan hukumar ta gaza wajen wayar da kai, domin da yawa ba su san an soke tasu ba sai da suka je karɓar katin da ba a taɓa bugawa ba.

Karɓar kati ita ce mafi raunin wannan hidima. Ba a ba wani ya karɓar wa wani, ko miji ne ko ɗa. Dalilin a bayyane yake, in aka buɗe wannan ƙofa 'yan siyasa za su kwashe katunan unguwa guda a buhu. Sai dai matan aure da tsofaffi su ke biyan kuɗin wannan tsari, kuma kwanakin da aka sauko da rabon zuwa mazaɓu a Janairun 2023 sun yi kaɗan. Idan ka karɓa, duba sunanka, hotonka da lambar rumfar da ke jikin katin tun kana gaban jami'in. A 2021 an ƙara yawan rumfuna a ƙasa daga 119,974 zuwa 176,846, kuma an mayar da wasu masu zaɓe sababbin rumfuna don rage cunkoso. Akwai wanda zai tsaya tun safe inda ya saba, a ce masa sunansa na gaba da makaranta. Duba kundin da ake liƙawa a rumfa, ko shafin hukumar, kafin ranar.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe ko da za a kai dare. Jami'i zai karɓi katin, ya haska lambar da ke jikinsa da BVAS, ko ya buga lambobi shida na ƙarshe na lambar mai zaɓe. Hotonka da sunanka za su fito. Sai a gwada yatsa. In ya ƙi, a ɗauki fuska. Ɗaya daga cikin biyun ya wadatar. Daga nan a duba sunanka a kundin takarda, a sa tawada a gindin farce, shugaban rumfa ya buga hatimi ya sa hannu da kwanan wata a bayan ƙuri'a, ya miƙa maka. Ƙuri'ar da ba hatimi da sa hannu tana iya jawo rigima wajen ƙirga, don haka a juya ta a gani.

Gwajin fuska shi ne babban ci gaban da BVAS ta kawo, kuma jihar manoma da masunta ta fi kowa sanin amfaninsa. Hannun da ya shekara yana dashen shinkafa a fadamar Argungu ko jan koma, zanensa kan goge. Haka na tsofaffi, da na wanda kaushin hunturu ya farfasa. Lalle mai kauri a kan yatsa, maiƙo, gumi da ƙura su ma suna hana karantawa. Goge yatsa da tsumma, a ɗan murza shi ya yi ɗumi, in babban yatsa ya ƙi a gwada wani. Fuska kuma haske take so: mutum ya fuskanci haske, kada rana ta kasance a bayansa, a cire tabarau, mai niƙabi ta ɗaga. Inda take wahala shi ne wanda aka ɗauki hotonsa tun rajistar 2011, yana saurayi ba gemu, ko kuma bayan magariba idan sai da tocila. Idan yatsa da fuska duka suka ƙi, babu zaɓe. Takardar uzuri da ake cikewa a zamanin tsohuwar na'ura an daina ta, da gangan, domin ta wannan kafa ce ake cusa ƙuri'u.

Tantancewa ba ta buƙatar sabis, bayanan rumfar suna cikin na'urar. Sabis sai wajen tura hoton takardar sakamako EC8A zuwa IReV, shafin hukumar na intanet da jama'a ke duba sakamako. Abin da ke tsayar da aiki shi ne caji, da jami'in wucin gadi da bai samu isasshen horo ba. Idan na'ura ta mutu, a nemi a kawo wata, kada a yarda da "a ci gaba da hannu". Duk rumfar da ƙuri'unta suka fi adadin da BVAS ta tantance, soke ta ake yi gaba ɗaya, da ƙuri'ar mai gaskiya da ta maras gaskiya. Kebbi ta ga abin da soke rumfuna ke haifarwa: zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 bai kammalu ba, sai da aka koma ranar 15 ga Afrilu kafin a bayyana Nasir Idris.

A ma'auninmu, tantancewa a rumfa ta cancanci yabo, rajista ta yi daidai gwargwado, rabon kati kuwa da saura. Waɗanda tsarin ya fi bari a baya su ne mutanen da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba. Wanda ya gudu da rigar jikinsa, katin yana can cikin ɗakin da ya bari, rumfarsa ma tana can, kuma a dokar 2022 neman wani katin ya buƙaci ya san da wa'adin kwana 90 tun yana neman inda zai kwana.