Maratayin sifirin: a gaba ko a baya?

Sifirin mai faifan ƙarfe yana miƙewa idan nauyi ya danne shi, shi ya sa ake haɗa ƙarshensa ɗaya da ƙashin mota ta ɗan maratayi mai lilo, wato shakul. Inda aka ɗaura shi a sifirin gaba yana sauya yadda taya ke kama ƙasa.

A motocin Jeep CJ da Land Cruiser FJ40, kamfani ya sa shakul ɗin a ƙarshen sifirin ta gaba. Idan taya ta ci karo da dutse, sifirin ya danne, sai ta matsa gaba ta ƙara mannewa da dutsen. Wajen hawa a hankali wannan alheri ne, domin tayar na cizon abin da take hawa. Amma a hanya mai gargada da gudu, kowane karo har cikin ƙashin bayan direba yake jin sa.

Masu mayar da shakul ɗin baya suna samun akasin haka: taya na ja baya tana yin sama, tana bin ramuka cikin laushi, ba ta yawan tsalle ta rabu da ƙasa. Illarsa fa? Hancin mota na nutsewa idan an taka birki, babbar taya na iya gugar jikin mota, kuma farfelar gaba, wato sandar da ke kai wa tayoyin gaba ƙarfin inji, na buƙatar ƙarin wurin zamewa, in ba haka ba, sai ta zare.

Ni dai mai hawan duwatsu zan ce ya bar shi a gaba. Mai doguwar tafiya a gargada ne zai ci ribar juyawar.