Wane ma'aunin caji za ka saya wa batirin solarka?

Duk mai sola a Garwa ko Marwa ya san zullumin bayan isha'i: cajin da ya rage zai kai fanka da firij asuba kuwa? Batirin dalma, na ruwa ko na jel, ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi. Ga kuma zafin Maris da Afrilu mai haura digiri 40, alhali a digiri 25 ake gwada ƙarfinsa, kuma kowane ƙarin digiri 10 na cinye kusan rabin kwanansa. Don haka ma'auni ba kayan ado ba ne.

Sandunan hasken da ke fuskar inbata, kada ka ba su amana. Suna nuna min uku cikin huɗu har baturana biyu suka mutu ba su shekara ba. Ƙaramar mitar bolt tana da arha, amma ba ta faɗin gaskiya sai batir ya huta awanni, ba caji ba kaya: a batir mai bolt 12, 12.7 ya cika, 12.2 ya kai rabi. Wa zai zauna cikin duhu don ya auna? Sirinjin auna ruwan batir kuwa daidai yake, sai dai jel a rufe yake ruf.

Ni dai mai shant nake so. Shant ɗan guntun ƙarfe ne mai manyan kusoshi biyu, ana ɗaura shi a kan wayar negatif, yana ƙirga kowane amfa da ya shiga ko ya fita, tamkar mai shago da littafin bashi. Victron BMV-712 na Holan yana zuwa da shant mai amfa 500, kana duba shi a wayarka ta Bluetooth. Amma sai an saita shi. Ka sa masa ƙarfin batir na awa 20, wato amfa-awa da zai bayar idan an sauke shi cikin awa 20. Ka bar lambar Peukert a 1.25 idan masu batir ba su ba da tasu ba. Ita ce ke lissafa cewa jan wuta da ƙarfi yana rage abin da batir zai bayar, kamar yadda Bajamushe Wilhelm Peukert ya nuna a 1897. Idan cajarka na kai wa bolt 14.4, sa alamar cika a 14.1, in ba haka ba gajimare ɗaya ya gifta sai ya ce ɗari bisa ɗari. Cire duk kaya da caja ka saita sifili, wato ma'auni ya nuna ba wutar da ke shiga ko fita. Kuma kowace wayar negatif ta bi ta shant, ko ta ƙwan fitila ɗaya ce.

Masu haɗa ma'auninsu da kansu suna da BQ34Z100-G1, ƴar ƙaramar na'urar ƙirga caji ta kamfanin Texas Instruments, amma sai an cika batir an sauke shi kafin ya koyi ƙarfinsa. Ba na magidanci ba ne.

Inda nake jan kunne shi ne jabu. Akwai ƴan akwatuna masu nuna kashi cikin ɗari da lambobi masu kyalli, a ciki kuwa mitar bolt ce kawai. Ka tambayi mai shago: "Alhaji, ina shant ɗinsa?" Idan siraran wayoyi biyu kawai ya nuna maka, ajiye. Wani shant ɗin fentin ruwan tagulla ne, yana zafi da an kunna firij, lissafi ya karkace.

Shi kansa batirin ma ana ha'inci. Na gaske mai amfa-awa 200 yana kai kilo 55 zuwa 65, sai mutum biyu. Wanda yaro ya ɗauko maka da hannu ɗaya takardar jikinsa ce kawai 200. Nauyi ma ba hujja ba ce, don ana sake wa tsofaffi takarda. Gwajin gaskiya: cika shi, ja amfa 10, ya kamata ya yi awa 20 kafin ya sauka bolt 10.5. Idan a awa 12 ya faɗi, 120 za ka sa wa ma'auninka, sannan ka koma shagon da rasit ɗinka.