Taron ƙaddamarwa ko tallar waya: ina za a zuba ɗan abin da ya rage?

Wata 'yar'uwarmu daga Gombe ta yi tambaya: ta buga littafinta kwafi 300, abin da ya saura a hannunta naira dubu 50 ne. Shin ta haɗa taron ƙaddamarwa, ko ta tallata ta waya? Malama, duka biyun na taɓa, bari in jera miki su.

Ƙaddamarwa wurin tara kuɗi ce, kuma kuɗi take ci kafin ta kawo. Akwai hayar zaure, katin gayyata, ruwa da lemo, mai gabatarwa, ga man janareta in an ɗauke wuta. Dubu 50 ba za ta kai ki bakin ƙofa ba. Duk fatan da ake yi shi ne babban mai ƙaddamarwa ya miƙe ya ce ya sayi kwafi goma a kan kaza, sauran manya su bi sahu don kada a ga gazawarsu. In kina da irin wannan uban gidan, a yini guda kuɗin ɗab'i zai dawo. Ni a Bauchi na yi tawa. Wani babba ya aiko wakili, aka shelanta gudummawarsa a lasifika, aka yi ta tafi. Wata huɗu ina sintiri, kullum maigadi ya ce Alhaji ya yi Abuja. Cikin waɗanda suka biya kuwa, na je gaishe da ɗaya bayan shekara, sai ga kwafi biyar ɗinsa bisa firji, ko ledar ba a yage ba.

Waya ba ta da tafi, amma can masu karatun suke. Masu bin labaran Hausa yau, galibinsu mata, suna WhatsApp da Facebook da Wattpad. Ki saki babi uku na farko kyauta, ki yanke daidai inda rai zai so jin ƙarshe, ki sa hoton bango da farashi ƙarara. Kada ki ce “a biyo ni ta ciki don jin kuɗi”, mutane ba su da wannan haƙurin. Zauren WhatsApp ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, don haka ɗan tukuici ga masu riƙe da manyan zauruka biyar ya fi katin gayyata ɗari. Tallar Facebook kuma tana ba ki damar zaɓar gari da shekarun waɗanda za su gani. Cinikin dai sannu-sannu ne, kwafi biyu yau, uku jibi, sai dai wadda ta saya za ta karanta, ta kuma ba ƙawarta labari.

Wayar ma tana da nata ciwon. Kika kuskura kika tura wa mutum ɗaya cikakken littafin a PDF, kafin magariba ya zama ruwan dare. Kada kuma ki ɗora komai a kan manhaja guda: OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai, ta rufe a 2023, marubuta suka koma neman wani masauki. Ki riƙa adana lambobin masu saye a littafinki na hannu. Kuɗin aikawa ta tasha, ki faɗa tun farko cewa na mai saye ne.

Da ni ce ke, dubu 30 ta tafi ga data, tukuici da tallar Facebook kaɗan-kaɗan. Dubu 10 kuɗin zirga-zirga: ki kai kwafi gidajen rediyo irin su Progress ki nemi a yi hira da ke, ki leƙa ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere, ki nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA a ba ki fili ki karanta shafi biyar. Ki je da kwafi ashirin a jaka, da canji. Ragowar dubu 10 ki ɓoye ta, don akwai ranar da direba zai ce saƙon ya ɓata.