Buhun PICS: ajiyar wake ba tare da zuba masa guba ba

Buhun PICS buhu ne mai riɓi uku: ledoji biyu masu kauri a ciki, kowace kaurinta maikiron 80 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sai buhun saƙa na roba a waje da ke ɗaukar wahalar ɗauka da saukewa. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin 100. Muna ganin ya cancanci kuɗinsa, kuma hana wake yin ƙwari ma ƙaramin dalili ne a kan gubar da yake raba mutane da ita.

Gamalin, maganin ƙwarin da wasu ke yayyafa wa wake har yau duk da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa shi cikin haramtattu a 2009, a cikin mai yake narkewa, ruwa ba ya wanke shi yadda ake zato. Idan ya shiga jiki sai ya maƙale a kitse. Ɗan abin da aka ci yau ya tarar da na jiya bai gama fita ba, haka yake taruwa ba tare da ciwon da zai sa a farga ba. Ɓarzajjen waken da aka watsa wa kaji da ƙaiƙayin da aka ba akuya ma ba su tafi a banza ba, suna dawowa ta ƙwai da nono da kitsen nama. Mai shayarwa kuma ta miƙa wa jaririnta, shi da jikinsa ya fi na kowa ƙanƙanta. Sniper, wani maganin ƙwarin da ake zuba wa wake, ba ya daɗewa a kitse haka, amma gubarsa mai kaifi ce, sinadarinsa ne ma ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015.

Buhun ba ya buƙatar ko ɗigo. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da suka shigo tun daga gona su ke shanye ɗan iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina ƙwai, su bushe su mutu.

Sai dai aikin yana hannun mai ɗauri. A shanya wake ya bushe sosai, wanda in ka ciza zai fashe ƙas, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da guntun kara domin su ne ke huda leda daga ciki. Kafin zubawa a cika kowace leda da iska, a riƙe bakinta a danna. In tana sacewa akwai huda; ƙarama a liƙe ta da salatif, babba a canza ledar. A saka leda cikin leda cikin buhu, a riƙa zubawa ana girgizawa don kada a bar gurbin iska, a rage wuri a sama. A matse iskar, a murɗa bakin ledar farko, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya ko roba. Haka za a yi wa ta biyu, sannan buhun waje, kowanne daban. Haɗe bakunan uku a ɗauri ɗaya na iya hana buhun yin aiki.

Yana da rauni. Ɓera da ƙugiyar masu lodi duk suna kashe shi, don haka a ɗora shi kan katako, nesa da bango. Yawan buɗewa don ɗibar na girki yana mayar da iska, gara a ware na ci daban. Wake mai danshi zai yi fumfuna. Akwai na jabu a kasuwa masu siririyar leda, a taɓa kaurin kafin a biya. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma in an kula da shi yana kai shekara uku.

Ga mai sayen wake a kasuwa don ya ajiye: buhun ba ya cire maganin da wani ya riga ya zuba. In waken na warin magani, ko ka ga farar hoda a ƙasan mudu, kada ka saya.