Gargaɗi ga masu haɗa kwamfutar gem ta farko: katin hoto na bogi da 'yan damfarar MoMo

'Yan uwa samari na Nima, Mamobi, Madina da Sabon Zango, da ku na Aboabo da Asawase a Kumasi, wannan saƙo naku ne. Duk wanda ya yi watanni yana tara sidi don ya haɗa kwamfutar gem, wato ta buga wasanni, to ya sani akwai masu jiran kuɗin nan nasa, kuma sun fi shi sanin inda zai yi sakaci. Yawancin cutar a katin hoto take, wato na'urar da ke zana hotunan wasa a allo, domin shi ne ya fi komai tsada a cikin akwatin kwamfutar, shi ne kuma sabon shiga bai iya tantancewa da ido ba.

Ga yadda ake yin ta. Ana ɗauko tsohon kati, galibi GTS 450 na shekarar 2010, a sauya masa bayos, wato ƙaramar manhajar da ke cikinsa mai ɗauke da sunansa, a rufa masa sabuwar roba mai fanka biyu, a manna takarda a ce GTX 1050 Ti ne mai 4GB, wani lokaci ma a ce GTX 1060. Idan ka saka shi a kwamfuta, Windows za ta nuna maka sunan da aka rubuta masa, domin abin da bayos ya faɗa mata kawai take maimaitawa. Saboda haka idan mai kaya ya buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, ya ce "ga shi ka gani da idonka", bai nuna maka komai ba tukuna.

Ka karɓi katin a hannunka ka juya bayansa, wajen ramukan da ake soka wayar monita. Idan ka ga ramin VGA, wato shuɗin nan mai ƙananan huji 15, ka ajiye masa kayansa. Nvidia, mai ƙera guntun waɗannan katuna, ta cire wannan hanya daga katunan GTX 10 tun fitowarsu a 2016. Sau da yawa za ka ga wata siririyar waya mai faɗi ta taso daga ramin ta shige cikin allon katin, irin ginin tsofaffin katuna ke nan. Alama ta biyu ita ce faifan CD ko filashin da zai haɗa maka da shi, yana cewa direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, na musamman ne. Kati na gaskiya yana karɓar direba kai tsaye daga shafin Nvidia. Na bogi ne ke ƙin karɓa, shi ya sa ake ba ka tsohon direban da aka yi wa kwaskwarima.

Sai ka sa a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto. Kyauta ce, ƙarama ce, ka zo da taka a filashi, kada ka dogara da wadda ke kan kwamfutar shago. Ka duba layin Shaders, wato yawan ƙananan injinan lissafi da ke cikin katin. GTX 1050 Ti na gaskiya 768 yake nunawa, GTS 450 kuwa 192. GTX 1060 mai 3GB yana da 1152, mai 6GB yana da 1280. Tun 2018 manhajar tana rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan katuna idan ta gane su, amma kai dai ka karanta lambar da kanka. Dalilin da ya sa wannan kati ke yaudarar mutane shi ne yana kunna Windows lafiya, yana nuna bidiyo, har ƙananan wasanni yana ja. Matsalar tana fitowa ne sa'ad da wasa ya nemi ma'ajiya fiye da 1GB ɗin da ke jikinsa a zahiri: bayos ya yi alkawarin 4GB, wasan ya je ɗauka bai samu ba, sai allo ya cika da zane-zane ko wasan ya rufe kansa. A lokacin ka riga ka isa gida, mai kaya kuma zai ce kai ka lalata.

RX 580 na kamfanin AMD ma sai an yi hattara, kuma shi ne masu ƙaramin kuɗi suka fi nema saboda 8GB ɗinsa. Cikakkensa yana da Shaders 2304. Akwai wani da aka yi wa kasuwar Sin mai suna RX 580 2048SP, wanda ƙarfinsa kusan na RX 570 ne. Ba laifi ba ne a saye shi idan an faɗa maka gaskiya an kuma rage kuɗi. Cutar ita ce a sayar maka da shi a farashin cikakken. Ban da haka, ɗimbin waɗannan katuna sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, aka zubo su kasuwa bayan Ethereum ta daina amfani da katin hoto a Satumbar 2022. Wasunsu har yanzu da sauran rai a jikinsu. Amma idan an bar musu bayos ɗin haƙa, direban AMD zai ƙi su, ka ga lambar kuskure 43 a Device Manager. Mafi muni su ne waɗanda suka mutu aka gasa su da bindigar zafi don dalmar da ke ƙarƙashin babban guntun katin ta sake kamawa. Irin wannan yakan yi aiki na ɗan lokaci ya sake mutuwa. Ka haska bayan allon da fitilar waya: idan tsakiyarsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar an babbaka, ko akwai wani danƙo da ya bushe a kewayen, ko kawunan sukurorin sun cinye saboda yawan kwancewa, ka san an sha shiga cikinsa.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a ɗora wa katin nauyi. A kunna manhajar gwaji ta FurMark ko wani wasa mai nauyi na minti 15 zuwa 20, kana tsaye. Ka sa ido kan zafi. Idan ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ko fanka ɗaya ta tsaya, ko ɗigo-ɗigo masu launi suka fara yawo a allo, ciniki ya ƙare. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan gwaji. Wanda ya fara cewa babu lokaci, ko wuta ba ta da ƙarfi yau, ko wani na zuwa da kuɗi yanzun nan, ya riga ya ba ka amsa. Bayan gwaji kuma kada katin ya bar idonka. A wuraren cunkoso irin su Circle a Akra da Adum a Kumasi akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, amma akwai masu raɓewa a gefensu, waɗanda za su ce bari a sa maka a kwali, su shiga ciki su fito da wani. Ka ɗauki hoton lambar siriyal tun kafin gwaji, ka gwada ta da abin da aka miƙo maka, a kuma rubuta ta a rasit tare da kwanakin waranti.

Akwai kuma damfarar da ba ta buƙatar kati ko ɗaya. Za ka ga talla a Facebook, TikTok ko shafukan saye da sayarwa: RX 6600 ko RTX 3060 a rabin farashi, da hotuna masu kyau da aka kwaso daga wani wuri. Kana Akra zai ce yana Tamale, kana Kumasi zai ce yana Takoradi. Zai ce ka tura rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya sa a mota. Bayan awa biyu wani zai kira a matsayin direba ko yaron tasha ya ce sai an cika kuɗin kaya kafin a sauke. Kana turawa layukan biyu su mutu. Kada hoton katin shaidar ɗan ƙasa na Gana da ya turo maka ya kwantar maka da hankali, sau da yawa na wani bawan Allah ne da aka cuta kafin kai. Ka lura da sunan da MoMo ke nunawa kafin ka sa lambar sirri. Idan ya saɓa da sunan mai tallar ya ce na matarsa ne ko na yaron shagonsa, ka tsaya nan. In kayan na nesa ne da gaske, ka tura ɗan uwa ko aboki da ke garin ya gwada, shi ya biya hannu da hannu. Wanda abin ya riga ya faɗa wa, ya kira kamfanin layinsa nan take, ya adana saƙonnin da lambar cinikin, ya kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Gana a lamba 292 da kuma ofishin 'yan sanda.

Kalmar "i7", sunan wani rukunin furosesan Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ma tarko ce. Ana ɗauko tsohuwar kwamfutar ofis mai i7-2600 na 2011 ko i7-3770 na 2012, a sa ta a akwati mai gilashi da fitilu masu launi, a kira ta kwamfutar gem. Core i3-12100F na 2022 ya fi su gudu a wasa nesa ba kusa ba. Ga shi Windows 11 ba ta karɓar kusan duk furosesan Intel da ke ƙasa da zubi na 8 a hukumance, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoba 2025. Ka tambayi cikakkiyar lamba, ka tabbatar da ita ta manhajar CPU-Z. Ga mai ƙaramin kuɗi, Ryzen 5 3600 ko 5600 a kan madabod (babban allon da ake jona komai a kansa) B450 ko B550, da ram DDR4 guda biyu masu 8GB kowanne, tushe ne mai kyau. Ka karkata furosesan a haske ka duba fil-fil ɗin ƙasansa, ko ɗaya kada ya zama a lanƙwashe. In kuɗin kati bai cika ba tukuna, Ryzen 5 5600G yana da nasa hoton a ciki, zai riƙe ka kafin ka tara. 3600, 5600 da duk Intel mai F a ƙarshe ba sa nuna komai sai da kati.

SSD kuwa, wato ma'ajiyar fayiloli, CrystalDiskInfo zai nuna awannin da ya yi yana aiki da lafiyarsa, ko da yake ana iya goge wannan lissafi. H2testw ne ke tona asirin wanda aka rubuta wa 1TB alhali cikinsa bai kai ba, domin yana cika shi da bayanai ya sake karantawa.

Abin da ya fi damun mu shi ne akwatin wuta, wato wanda ke raba wa sassan kwamfuta lantarki, saboda a nan ne yara ke matse kuɗi bayan kati ya cinye aljihu, kuma idan ya mutu yana iya tafiya da madabod da kati gaba ɗaya. Kada ka kalli babbar lambar da ke kan kwali. Ka karanta takardar gefensa, layin +12V, ka ninka amfiya da 12. Idan an rubuta 500W amma layin ya ce 18A, wat 216 ke nan kacal, alhali RX 580 shi kaɗai yana jan kusan 185, ga furosesa mai 65 a kai. Irin wannan akwati za ka ji shi shafal a hannu kamar gwangwanin madara, wayoyinsa sirara, kuma ba shi da filogin kati mai fil 8, sai a ce za a haɗa maka da adafta daga wayar SATA. Kada ka yarda, wannan adafta tana narkewa. Da yadda wutarmu ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ka nemi 550W na sanannen kamfani, sabo in da hali, ka haɗa da abin kare hawan wuta ko UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Idan kuma na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, ka duba bayansa ko akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutar Gana 230 ce. In yana kan 115 ka soka shi a bango, ƙara ɗaya zai yi da hayaƙi. Ka tura shi zuwa 230 tun a shago, kafin a jona waya.