Bikin kiɗan jaz a Jos da damina: fili ko zaure?

Bikin da aka sa a Yuli ko Agusta a Jos, ruwan sama ne ke da ta cewa a kansa. A fili akwai sarari, za ka shimfiɗa tabarma da iyali, sautin busa yana bazuwa ba ya cika kunne. Amma garin yana kan tudu, kusan mita 1,200, sanyi na sauka tun magariba, hadari kuma ba ya sallama. Laima tana sassauta fatar ganga, kayan busa na ƙarfe idan sun yi sanyi muryarsu takan sauka, sai makaɗi ya yi ta gyara. Ruwa ya taɓa wayar lasifika kuwa, dole a kashe komai. Kada ka fita babu lema da rigar sanyi.

Ga gasa, zaure ya fi. Alƙalai suna jin kowane makaɗi dalla-dalla, musamman inda yake ƙirƙiro salo nan take, wanda shi ne zuciyar jaz. Matsalarsa amsa-kuwwa ce daga bangon siminti, saboda haka zauna tsakiya, nesa da lasifika. Kafin ka biya kuɗin tikiti, tambayi ko akwai janareta.